Takalman Inna a Ƙofar Mai Kyanwa

SHAFI NA 17

"A'a, tsaya! Tsaya in kai aya. Ke kika haife ni ko ni na haife ki?"

Inna ta janye wayar daga kunnenta ta harare ta, kamar 'yarta ta fari tana zaune a cikin gilashin, sannan ta mayar.

"Na ji. Na ce na ji. Wa ya ce miki na rame? Hoto? Hoton ƙasar nan haka yake, tsotse mutum yake yi. To in ci me? Ke da kike can gida kina tauna abin da Allah ya yi wa ɗanɗano, sai ki yi ta hamdala. Nan albasarsu kamar kan jariri, ki yanka kwando guda ko ƙwalla ba za ki yi ba. Tumatir ja wur, ki gutsura, ruwan famfo. Kazarsu kuwa ban da tausayi ba abin da take ba ni. Ba ta taɓa gudu ba tunda aka ƙyanƙyashe ta, kina nuna ta da cokali sai ta saki ƙashinta. Ita za ki ce in ci?"

Asabar ce da hantsi, in dai wannan toka-tokar da ke bayan taga za a kira hantsi. Auta, ɗanta na ƙarshe, direban bas, wanda ya ɗauko ta ya kawo ta ƙasar nan, yana zaune da kofin shayi ya zuba masa ido kamar mai duba. Matarsa, da har yau Amarya ake ce mata ko da yake lallen ya daɗe da gogewa, tana gefe tana goge rigar aikinta.

Abin da ya tsaya wa Inna a rai ke nan. Ranar Asabar Auta yana kan titi, Amarya tana kasuwa. Yau ga su nan su biyu, sun kafu a falo kamar turaku.

"Eh, ya gaya min," in ji Inna cikin waya. "Ya yanki tikitin. Laraba mai zuwa. Na ji, ai ba kurma ba ce ni. Murna? To ga ni nan ina yi, sai na yi miki guɗa?"

Gaskiya dai ita ta roƙa. Tun ranar da ta sauka take cewa a mayar da ita gida. Da safe ta faɗa, da yamma ta faɗa, in an kawo abinci ta ture ta ƙara faɗa. To ga shi an amsa mata. Wani roƙon, sai an ba ka kake sanin nauyinsa.

Ta saci kallon agogon bango. Ba ta san lambobin ba, amma ta san in hannayen nan biyu suka haɗu a sama kamar masu roƙon Allah, to lokaci ya yi. Saura ƙiris.

Amarya ta tayar da dutsen guga ta ajiye shi a tsaye.

"Inna."

"Ina waya."

"A ce wa Yaya ta ɗan riƙe. Magana ce da ni."

Muryar ba irin ta kullum ba ce. Inna ta dube ta, ta sa tafin hannu ta danne wayar a cinya.

"Ina jin ki."

"Jiya na dawo da wuri. Kaina ke ciwo, suka ce in taho gida."

"Allah ya sawwaƙe. Kin sha magani?"

"Ban same ki a ɗaki ba."

"Ina banɗaki."

"Na duba."

"To ina kan sallaya."

"Na ga takalmanki, Inna."

"Takalma ai don yawo aka yi su."

"A ƙofar Mai Kyanwa."

Mai Kyanwa ita ce tsohuwar da ƙofarta ke kusa da tasu, 'yar ƙasar, farin gashi kamar auduga, tana dogara sanda, ba kowa a gidanta sai wata ƙatuwar kyanwa mai ido ɗaya.

"Takalma iri ɗaya sun cika duniya," in ji Inna.

"Duk benen nan, daga sama har ƙasa, wa ke cire takalmi a ƙofar mutane ya jera su ya shiga da ƙafa? Ke kaɗai ce, Inna."

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwali, wanda bai kwance ba.

"To tsohuwa ba za ta gai da maƙwabciyarta ba? Haka aka koya muku a nan?"

"Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Allah ya yafe min, na leƙa. Na gan ki a tebur. Faranti ɗaya a tsakiyarku. Dankali fari fat, dafaffe, ko mai babu. Kifi kamar an wanke shi an shanya. Kin naɗe hannun riga kina ci. Kina suɗe yatsa, Inna. Kina dariya. Tunda kika zo ƙasar nan ban taɓa jin dariyarki ba, har na ɗauka a gida kika baro ta."

Auta ya dangwarar da kofi.

"Shi ya sa! Shi ya sa likita ya ce kin ƙara nauyi! Ni ina ta musu da bawan Allah, na ce sikelinsa ya lalace, uwata ba ta cin komai sai ruwan zafi da burodi. Ya sake ɗora ki, na ce a kawo wani sikelin. Mutum da furfurarsa na kusa ƙaryata shi a gaban ma'aikatansa. Kina zaune kina jina!"

"To ni na ce ka yi musu? Kai dai tun kana goye ba a gama magana kake amsawa."

"Tun yaushe?"

"Me?"

"Tun yaushe kike zuwa?"

Inna ta dubi taga. Ta ga dai ramin ƙarya ƙurarre ne, ta kai ƙarshensa.

"Tun ranar da ƙofarku ta kore ni."

"Ƙofa?"

"Wannan ƙofar taku mara mutunci, da ke kulle kanta ba a aike ta ba. Farkon sanyi. Kun fita, na ce bari in fitar da shara, na juyo sai ji na yi garam. Ga ni a waje, zani ɗaya, ba mayafi, ba waya, ba makulli. Na tura, na roƙe ta, na zage ta. Na zauna a matakala ina karkarwa, na ce shi ke nan, an kawo ni ƙarshen duniya in mutu a gefen kwandon shara. Mutum nawa suka wuce, kowa ya yi min wannan murmushin nasu na haƙori zalla ya haye sama. Sai ita ta buɗe. Ta dube ni, na dube ta. Ta miƙo sandarta ta saƙalo gefen zanina kamar mai kamun akuya, ta ja ni ciki."

"Ba ki taɓa faɗa ba. Ai mun dawo mun same ki a ɗaki."

"Ita ta kira mai gadin benen ya buɗe. In faɗa ku ce na tsufa ku ƙara min wani makullin?"

Auta ya shafa fuska.

"Inna, kin san abin da matar nan take sawa a tukunyarta kuwa? Kin san irin naman da suke ci?"

"Kai ka fara sallah ko ni? Ranar farko na kama hannunta na kai ta gaban firij. Na buɗe. Na nuna wannan, na yi mata kukan saniya, ta ce eh da kai. Na nuna wancan, na murɗe hanci na yi mata gurnanin waccan dabbar da ba a faɗa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na bubbuga mata baya. Na kaɗa mata yatsa, na nuna kwalaben da ke ƙofar firij ɗin, su ma na kaɗa. Washegari ta nuna min sabuwar tukunya da takardarta a jiki. Daga ranar kifi ne da dankali da ganye. Ta fi ka saurin fahimta, kuma ba ta yi musu ba."

"Da wane yare kuke magana?"

"Ta yi nata, in yi nawa."

"Kuna ganewa?"

"Me za a gane? Na ba ta labarin Goggonku tun daga farko har ranar da aka fita da ita, ta yi kuka har da majina. Ita ma ta ɗauko hoton wani mai gashin baki daga kan talabijin ta yi ta bayani, na yi mata ta'aziyya. Ko mijinta ne, ko ɗan wasan kwaikwayo ne, oho. Kukan dai na gaske ne."

Amarya ba ta yi dariya ba. Ta taka ta buɗe firij ɗinsu, ta ja baya don Inna ta gani. Robobin abinci ne jere, wani kan wani, kowanne da murfinsa, har sun toshe fitilar ciki.

"Bas nake hawa, in sauka in hau wata, in je can ƙarshen gari inda ake sayar da kayan miyar gida. Ranar hutuna a tsaye nake yin ta a gaban murhu. Na kira mahaifiyata na tambaye ta yadda ake yi wa tsofaffi girki. Na rage mai, kin ture. Na ƙara, kin ture. Kika ce ruwan ƙasar ne, na koma sayen na gora. Yaya tana kirana tana cewa me nake ba ki. Dangi sun ɗauka yunwa nake gana miki. In gishiri na cika, ki faɗa min. Da me nata ya fi nawa?"

"Nata?" Inna ta taɓe baki. "Nata ko kyanwar sai ta yi tunani take ci. Miyarta fara sol kamar ruwan wankin shinkafa. Da barkono nake zuwa a ƙulle a gefen zani, in barbaɗa a gefena. Yanzu ita ma ta koya, tana ci tana hawaye tana fifita baki tana miƙo min hannu in ƙara. Girki kam, yarinya, ko a gida samun irin hannunki sai an tona."

"To don me?"



Ku da kuka biyo labarin nan kun san Goggo, ƙanwar mijin Inna, wadda ta dawo gidan yayanta da zawarci ta ƙi fita har mutuwa ta zo ta fitar da ita. Amma ba ku san kwanon ba. Wani tsohon kwano ne mai ɓallen baki, fentinsa ya goge, gindinsa ya lotsa har sai an tokare shi da dutse. A cikinsa su biyun suka ci abinci tun gashinsu na baƙi, a ƙarƙashin rumfa, kaji na zagaye su. Ba ranar da suka ci ba faɗa. Goggo ta ce gishiri ya yi yawa. Inna ta ce harshenta ne ya tsufa. In tsoka ɗaya ta rage, Goggo ta tura ta gefen Inna da yatsa, ta ce ɗauki, haƙorana sun ƙi. Inna ta turo ta ce ƙarya kike, jiya na ji ki kina fasa ƙashi. Haka tsokar za ta yi ta yawo a kwano har ta huce, a ƙarshe su raba ta biyu kowa na ƙunƙuni.

Ranar da aka yi sadakar Goggo, aka zubo wa Inna abinci a kwanon nan. Ta ci gefenta. Ta zauna tana kallon ɗaya gefen, ya tsaya cak kamar katanga, ba wanda ya rushe shi. Daga ranar abinci ya daina wucewa. 'Ya'ya suka ce canjin iska take so. Aka yi mata fasfo.

"Yarinya," in ji Inna a hankali, "yaya kike kawo min abinci?"

"A tire, Inna."

"Sannan?"

"In durƙusa in ajiye miki."

"Sannan?"

"In ce a ci lafiya."

"Sannan?"



"In fita in ja miki ƙofa."

"To."

"Inna, ai ladabi ne! Haka aka tarbiyyantar da ni. Ina ni ina tauna a gaban uwar mijina?"

"Na sani. Ni ma haka na yi wa tawa surukar, har ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Amma ita in na ja mata ƙofa, da mutane nake ja. Ga ƙanwarta, ga maƙwabciya ta shigo aron rariya ta zauna, ga jikoki suna wawaso. Ke in kin ja, ni ce da bango. Sai wannan ƙarfen ɗumama ɗaki yana ƙwas ƙwas. Shi kuma wannan," ta nuna Auta da haɓa, "a tsaye yake ci kamar doki, da makullin mota a hannu. Ni tunda uwata ta yaye ni ban taɓa sa hannu a kwano ni kaɗai ba. Ban iya ba. Na gwada, Allah ya gani. Loma sai ta kai nan ta tsaya tana tambayata ina sauran mutane."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" in ji Auta.

"In ce me? Ku zo ku ci da ni? Ni da na haife ka in roƙi wannan? Sai na ce albasa ce. Albasa ba ta jin kunya."

Amarya ta zauna a hannun kujera, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban Inna. A gidan kula da tsofaffi take aiki, ita ke ba su abinci.

"Akwai wani tsoho a wurin aikinmu," ta ce, kamar da kanta take magana. "In an ajiye masa tire ba ya ko kallo. Sai na ja kujera na zauna, na ɗauki burodi ina gutsura, sannan yake buɗe baki. Ni na gano haka. Har yaba min aka yi." Ta dubi robobin da ke firij. "Ni na gano haka."

"Ranar da ta ja ni ciki," in ji Inna, "abincinta na kan wuta. Hannunta rawa yake yi, duk farantanta ta fasa su saura ɗaya, masu kyaun kuma suna can saman kabad inda ba ta kaiwa. Ta juye a ɗayan nan, ta ajiye a tsakiya, ta miƙo min cokali tana ba ni haƙuri da yarensu. Na ajiye cokalin na wanke hannu. Da muka kusa gamawa, yankan kifi ɗaya ya rage. Sai ta sa cokali ta turo shi gefena."

Inna ta kwatanta da yatsa.

"Na tura mata. Ta turo. Na ce ƙarya kike."

Ta sa bakin mayafi ta goge hanci, ta ce sanyin ƙasar nan ba ya barin mutum da mura. Sannan ta ɗaga kai ta dubi agogo.

Hannayen sun haɗu, har sun rabu.

Kullum in sun haɗu, sandar Mai Kyanwa takan bugi bangon falon daga can gefen. Ƙwan, ƙwan. Ma'ana an sauke tukunya. Ko rana ɗaya ba ta taɓa latti ba. Inna ta karkata kai ta kasa kunne. Motar shara a ƙasa. Ruwa na gudu a bututun maƙwabtan sama. Ban da su ba komai.

"Agogon nan daidai yake?"

Auta ya koma kallon kofinsa.

"Da kai nake."

"Ba za ta buga ba, Inna."

"Wa ya gaya maka ana bugawa?"

"Ita. Na je da safe, kina wanka."

Inna ta juyo gaba ɗaya.

"Ka je ka yi me?"

"Na ba ta haƙuri. Cikin mutunci, wallahi. Na ce mun gode, ba mu san kina damunta ba, ba za a sake ba. Na ce ma Laraba za ki koma gida."

"Damunta."

"Inna, ki fahimce ni. Nan ba gida ba ne. Mutanen nan in suka ga tsohuwa tana bin ƙofar maƙwabta tana cin abinci, waya za su ɗauka su kira hukuma, a ce mun kawo ki muna horar da ke da yunwa. Aikin Amarya ma sai ya taɓu. Ga dangi. Ki ce a ji a gida uwata tana ci a gidan wata, ni ina raye?"

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba."

"Mutum ba ya rasa abin cewa. Me ta ce?"

"Ta ce to. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, irin nasu. Ta rufe ƙofa."

"Me ka gani a teburin?"

"Inna..."

"Ido gare ka, har bas kake tuƙawa da shi. Me ka gani?"

"Dankali. An fere, yana cikin ruwa a kwano. Da wata 'yar kwalbar barkono, sabuwa, ba a ɓalle murfin ba."

Inna ta rufe ido. Ta san hannun nan. Ta san kafin ya fere dankalin mutum biyu, sai matar ta tashi tun duhu, ta zauna ta dafe wuƙa da hannu biyu, tana yi tana hutawa. Barkonon kuwa, sai ta sauka benen nan da sanda, ta tsallaka titi, ta tsaya a kanti tana neman abin da ba ta taɓa saya ba tunda aka haife ta.

"Wata da watanni," in ji Inna, "ba na jin nata, ba ta jin nawa, ko sau ɗaya ba mu saɓa ba. Kai da ka iya yaren, safiya ɗaya ka raba mu."

Wani ɗan ƙara na tashi daga cinyarta, zzz zzz, kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Amarya ta leƙa.

"Inna, bakin wayar kika toshe, ba kunnenta ba. Yaya ta ji komai."

Inna ta ɗaga hannu ta dubi wayar.

"To madalla. Ta hutar da ni maimaitawa."

Ta kai kunne, ta yi saurin janyewa, ta bari ihun ya ɗan lafa.

"Eh. Eh, na ci. A gidan wata, eh. Abin kunya? To ki rufe fuska, ni tawa a buɗe take. Ɗaki? Kin gyara min ɗaki. Da fanka. Da talabijin, kai madalla. Yarinya za ta riƙa kawo min abinci a kan lokaci. A tire? Mai murfi. Allah ya yi albarka. Ƙofar fa, tana rufuwa da kyau?"

Ta saurara. Fuskarta ta canza.

"Kar ki ƙara faɗin haka. Ni ce ba na son gida? Ni? Ke kin san abin da nake ji in gari ya waye? Ina farkawa in kasa kunne ko zan ji zakara, ko turmi, ko muryar mai tallan da nake zagi kullum don ya cika ihu. Yanzu da zan ji shi, kayan kansa duka zan saye. Nan ruwa yake sauka dare da rana, amma bai taɓa tayar da ƙanshin ƙasa ba, ko sau ɗaya. Ina buɗe taga in shaƙa kamar mahaukaciya, sai warin taya. Rana in ta fito kamar an aiko ta dole. In na rufe ido rumfar nan nake gani, har inda kara ya zame ake ganin sama. Kar ki koya min kewar gida, 'yar nan. Da ita nake kwana, da ita nake tashi."

Ta numfasa.

"Sai dai gidan da nake kewa, rabinsa yana ƙarƙashin ƙasa."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, wayar na kunne. Ta laluba gefen zani ta ji ƙullin barkononta yana nan.

"Amarya."

"Na'am, Inna."

"Ɗauko babbar robar can ta ƙasa, mai miyar jiya. Ɗumama ta. Ki juye a faranti ɗaya, babba. Ɗaya na ce."

Amarya ta tashi da sauri. Akwatin ɗumame ya yi ta gurnani, ya yi ƙara ya tsaya. Ƙanshi ya cika falon, irin wanda Inna ta yi watanni tana cewa ba ta ji.

"Wanke hannunki ki biyo ni."

"Ni, Inna? In ci? A gabanki?"

"In kunya ta dame ki, ki juya min ƙeya. Hannun dai ya shiga kwano."

Auta ya miƙe.

"Bari in zo in yi mata bayani."

"Zauna. Bayaninka na safe bai gama narkewa ba."

Ta zura takalma, ta buɗe ƙofa, ta sa ƙafa ta tokare ta da kwandon shara don ta san halinta. Taku kaɗan ne tsakanin ƙofofin biyu. A bakin ta Mai Kyanwa ta tsaya ta cire takalman, ta jera su daidai, ta taka daɓen sanyi da ƙafa. Amarya na bayanta da faranti yana tururi. Ta dubi takalman Inna, ta dubi nata, ita ma ta zare.

Inna ta ƙwanƙwasa. Ƙwan, ƙwan.

Shiru.

Ta sake.

Kyanwa ta yi kuka daga ciki, dogon kuka. Inna ta manna kunne ɗaya a jikin ƙofa, ɗayan kunnen waya na ta zuba a cikinsa: Laraba, tikiti, dangi, abin da mutane za su ce, ta zaɓa yau ɗin nan, gida ko ƙasar wasu.

Can ciki, nesa, sanda ta taɓa daɓe. Ƙwas. Aka daɗe. Ƙwas. Ko tahowa take, ko ɗaki take komawa, Inna ba ta iya rabewa ba.

Ta gyara riƙon wayar.

"Ke 'yar nan, ya isa. Kin ce in zaɓa. To sa mayafinki ki je inda kuka kwantar da Goggonki, ki tambaye ta ko za ta tashi mu ci. In ta ce eh, Laraba ma ta yi min nisa. In ta yi shiru, ke ma ki yi shiru. Abinci na hucewa."